Gida a Dakace ko a Hanwa: amsa ga mai tambaya

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce an nuna maka gidajen sayarwa biyu a Zariya masu ɗaki huɗu da falo, ɗaya a Hanwa, ɗaya a Dakace, na Hanwa ya fi tsada nesa ba kusa ba alhali ginin Dakace ya fi sabunta, kana tambaya ko dillalai ne ke son cutarka.

Ba lallai cuta ba ce. A Zariya unguwa ake saya, gini biyo baya yake yi. Na daɗe ina zaman haya a Samaru kafin Allah ya hore mini nawa, kuma na raka 'yan'uwa da dama ciniki. Duk abin da ke kan hanyar Sakkwato, daga Kwangila zuwa Hanwa, Palladan, Zango har Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ce ke riƙe da farashinsa. Tun da aka kafa ta a 1962 malamai da ɗalibai ke neman muhalli a wannan layin, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ga asibitin koyarwa a Shika. Ko ka tashi, ba ka rasa ɗan haya. Dakace kuwa, can hanyar Jos, gari ne mai tasowa. Filin ya fi yalwa, amma lissafa kuɗin Keke Napep na 'yan makaranta kullum, safe da yamma, kafin ka ce ka samu araha.

Kada fenti da tayil su ruɗe ka. Ka je ganin gidan a watan Agusta, bayan an sheƙa ruwa. Dubi gindin katanga: in ka ga fenti ya kumbura yana ɓarewa, da farin gishiri-gishiri har gwiwa, damshi ne ke hawa, kuma maganinsa da wuya. Dubi inda kwatar maƙwabta ke bi. Akwai gidan da muka gani kusa da rafin Kubanni, tsaf da shi kamar ɗakin amarya, sai da muka zagaya baya muka tarar zaizayar ƙasa ta kusa cin masai.

Sai ruwa. Wannan kuma tambayar bazara ce: rijiyar tana kai watan Afrilu ko ƙafewa take? Kada ka tambayi mai gida. Tambayi mai shayin bakin layi ko 'yan garuwa, su ba su da riba a cinikin. Su ne za su gaya maka gaskiyar taransifoma, da ko akwai 'yan sintiri da dare.

Takarda ita ce babba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, don haka shaidar mai unguwa kaɗai ba ta wadatar. Ka kai lambar fulotin ofishin KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, a duba, ka kuma nemi a nuna maka izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. In gidan gado ne, duk magada su sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. Nan ne rigima ta fi fitowa.

Ni dai da iyali masu zuwa makaranta, in aikinka wajen Samaru yake, Hanwa zan ɗauka ko da ɗaki uku ne. In kuwa unguwar Kongo ko cikin birni kake aiki, Dakace ba laifi. Maganar la'ada ku gama ta da dillali tun kafin a yi sallama.