Sabon batir ya mutu a kwana uku, ina laifin yake?

Ɗana, na ji tambayarka kan Vitz ɗin nan taksi da aka jawo mana daga Aboabo, mai ita ya ce sabon batir ya sa kwana uku kacal ta mutu masa a tsakiyar titi, kai kuma kana ganin batirin ne jabu mu koma shago a canzo wani. A'a, kar ka taɓa aljihun bawan Allah tukuna. Batir randa ne, altaneta ce ke zuba masa ruwa, in ba a zubawa ko randa nawa ka saya sai ta ƙafe.

Ɗauko mitar auna wuta ka ɗora a kan batir. Mota a kashe, lafiyayyen batir zai ba ka wajen volt 12.6. Sa wani ya murza ki kana kallo, kar ya faɗi ƙasa da 9.6. In ta tashi sai ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, kunna fitila da esi ka ga ko zai riƙe, in kuwa ya zauna a 12 yana ta zamewa to babu caji, batir kaɗai motar ke ci, famfon mai da koyil duk wuta suke sha, wutar na ƙarewa injin zai ɗauke.

Amma kar ka yi saurin kwance altaneta. Danna bel ɗin da ke juya ta da yatsa ka ji ko ya saki. Dubi kan batir, wannan farin garin mai kore-kore da ke taruwa, zuba ruwan zafi ka kankare ka ɗaure tam, sannan bi baƙar wayar da ta kama bodi. Wallahi na sha ganin an sayi altaneta alhali noti ɗaya ne ya kwance. In duk lafiya sai ka buɗe altanetar, yawanci kabon ɗin cikinta ne ya cinye ko regileta mai daidaita wuta ta lalace.

Abin da na ga yara na yi nan Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, cire kan batir injin na aiki wai gwajin caji, ban yarda da shi a garejina ba. Tsofaffin motoci sun jure, na yanzu akwai kwantrol bod, wato kwamfutar mota, wuta ta yi tsalle ta ƙone shi wa zai biya?

Gobe da sassafe kafin direban ya iso ka auna, ka kawo min lambobin nan uku a rubuce.