Tarakta: wacce zan saya, kuma me ya sa tawa take yawan kwanciya?

Salamu alaikum jama'a. Tunda damina ta ƙarato tambayoyi sun taru a kan maganar tarakta, wasu na son saye wasu kuma sun saya suna kuka da ita. Na zaɓi waɗanda na ga amsarsu zata amfani mutane da yawa.

Tambaya ta farko daga wani Alhaji ne a Bunkure. Yace wani dila ya nuna masa tarakta tokumbo da aka shigo da ita daga Jamus, ƙatuwa mai ɗakin direba da AC da allon kwamfuta, ƙarfin doki sama da 120, kuma kuɗinta bai yi nisa da na sabuwar Massey Ferguson 375 ba. Wacce zai ɗauka?

Ranka ya daɗe Alhaji, ni dai in da ni ne 375 ɗin zan ɗauka. Ba wai ta Jamus ɗin bata da kyau bane, wallahi injinan nan suna da kyau sosai, amma an ƙera su ne don ƙasar da man gas ɗinta yake tas kuma dila yana kusa da kwamfutarsa. Galibin manyan taraktocin da aka yi wa kasuwar Turai daga wajejen 2014 zuwa yau suna da abin da ake kira common rail, wato man yana shiga inji da matsi mai tsananin ƙarfi, yana kaiwa 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma kwamfuta ce take buɗe nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, tana rufewa. Ramukan nozul ɗin ƙanana ne ƙwarai, ɗan ruwa ko ɗan ƙasa kaɗan a cikin mai ya isa ya cinye su. To kai kuma ka san yadda gas yake zuwa mana ƙauye, daga duro zuwa jarka, jarkar ma wata an taɓa zuba ruwa a ciki, ga mazurari a yashe a ƙasa yara suna wasa da shi.

Sannan akwai tukunyar da ke tace hayaƙi a salansa, DPF, da wani ruwa da ake zubawa a tanki na daban mai shuɗin murfi, AdBlue. Ruwan nan urea ce kashi 32.5 cikin ɗari a cikin tataccen ruwa, kuma don Allah kar wani ya ce maka ai sai a jiƙa takin urea na buhu a zuba, zaka kashe famfonsa ne da nozul ɗinsa. Idan ruwan ya ƙare ko sensa ɗaya ta samu matsala, kwamfutar da kanta zata rage ƙarfin injin, kana tsakiyar haro sai kaga mota tana tafiya da ƙyar alhali babu abin da ya karye a jikinta. Ita kuma tukunyar hayaƙin an yi ta ne don man da sulfur ɗinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba kamar yadda dokar Turai ta tanada, in man ya fi haka datti sai ta riƙa toshewa da wuri.

Kuma wa zai gyara? Nan ne gizo ke saƙar. Ko a Amurka manoma sun daɗe suna rigima da kamfanoni a kan a basu damar gyara taraktocinsu da kansu, har a watan Janairun 2023 John Deere ya sa hannu a yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar a kan haka, a Janairun 2025 kuma hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta kai kamfanin kotu duk a kan maganar gyaran. In manomin Amurka yana wannan kukan, kai da kake Bunkure fa? Bakaniken da ka sani da sifana da kunne yake aiki, ya saurari inji ya gaya maka abin da ke damunsa, amma wannan sai an jona mata kwamfuta ta karanto lambar matsalar, kayan kuma sai an yi oda daga waje ka jira sati uku ko wata guda, lokacin maƙwabtanka sun gama shuka.

Ita 375 da ake kawowa daga Pakistan ƙarfin doki 75 ce, inji samfurin Perkins mai silinda huɗu, famfon mai na gargajiya, babu kwamfuta. Tana da nata laifin, masu ita suna yawan ƙorafin yoyon mai nan da can, wayarin ɗin lantarki ba wani mai ƙwari bane, ga zafin rana da ƙura duk a kan direba. Amma in ta tsaya da safe a Kura ko Garun Malam, mutum zai hau mota ya shiga Kano ya nemo kayan ya dawo a ɗaura kafin magariba. Haka ma na Indiya irin su Mahindra da New Holland TT75 da kuma John Deere 5075E wadda ake ƙerawa a Pune, waɗanda ake kawo mana nan sun fi na Turai sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba. Kafin ka biya ko wacce, je ka wajen bakaniken da zai riƙa duba maka ita ka tambaye shi wacce ya iya, sannan ka zaga wajen masu safaya ka tambayi kuɗin filta, kuloci, famfon ruwa da famfon haidurolik nata, ka ga ko suna da su a shago ko sai sun ce maka "za a kawo". Dattawanmu sun ga yadda aka yi da Steyr da ake haɗawa a Bauchi da Fiat da ake haɗawa a Kano a da, motoci ne masu ƙarfi, amma da kayan gyara suka yi wuya da yawansu a gindin bishiya suka ƙare.

Tambaya ta biyu daga sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Auyo. Yace tasu sabuwa suka saya, shekara biyu kenan, yanzu in ta yi awa ɗaya tana haro sai ta ɗau zafi, ƙarfi ya ragu, ga baƙin hayaƙi. Wasu ƴan ƙungiya sun ce samfurin ne ba kyau a sayar kawai.

Malam sakatare kar ku sayar tukuna. Abin da ka lissafa ɗin nan ya fi kama da motar da ta kasa numfashi. Ku fara da filtar iska. A ƙasarmu ga ƙurar hunturu ga ƙurar da haro yake tayarwa a busasshiyar gona, filta tana iya cikewa cikin kwana kaɗan, iska ta ragu mai ya yi yawa, shi ne baƙin hayaƙin. In mai takarda ce, a ciro ta wajen a hura mata iska daga ciki zuwa waje a hankali, ba a buga ta da taya ba kamar yadda yara suke yi, kuma a haska fitila a ciki, in an ga haske ya fito ta wata ƴar huda to ta gama aiki. Ƙaramar ta ciki ba a wanke ta ba a hura ta, canzawa ake yi. In kuma mai kwanon baƙin mai ce a ƙasa, a zubar da man a wanke kwanon a zuba sabo daidai layin da aka zana.

Sai lagireto. Ku tsaya ta gaba ku leƙa, sau da yawa zaku tarar ƙaiƙayi da ƙura da ɗan mai sun haɗu sun like ramukan kamar an shafe su da laka, musamman in kuna amfani da ita wajen casa ko jan tirelar shinkafa. A wanke daga baya zuwa gaba. A duba fanbel ko ya saki. Sannan ruwan da kuke zubawa, in na rijiya ne ko na kwalbati yana barin farin dutse a ciki ya toshe hanyoyin, gara a sayi ruwan lagireto na kanti. Wasu makanikai kuma da sun ji an ce zafi sai su cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, su jefar, wannan ba magani bane, ɓoye ciwo ne. Kuma ku ja wa direba kunne, in allura ta hau ja kar ya kashe nan take ya kwara ruwan sanyi, ya cire mata kaya ya bar ta a silo ta huce, in ba haka ba gasket zai tafi ko kan inji ya tsage, aikin ƴan dubbai ya koma na miliyan.

In duk an yi wannan hayaƙin bai daina ba sai a cire nozul a kai wajen masu gwaji. Daga nan kuma ku gyara yadda kuke ajiye gas, duro ya kwana ɗaya ko biyu a zaune kafin a ɗiba, kar a zuƙo daga can ƙasa, a cika tanki da yamma bayan an tashi aiki saboda tankin da ya kwana rabi yana tara raɓa a ciki, kuma kullum da safe a kalli ɗan kofin gilashin nan da ke ƙarƙashin filtar mai, in an ga ruwa ya kwanta a ƙasa a buɗe a zubar. Abin minti biyu ne amma da wuya ka ga mai yi.

Wata Hajiya daga Ringim tace ta samu kuɗin gado tana so ta sayi tarakta ta bayar haya, ita ba zata iya bin ta gona ba, shin akwai riba?

Hajiya Allah ya jiƙan magabata ya sa albarka a abin da aka bari. Riba akwai, don a farkon damina masu neman haro da rija sun fi taraktocin yawa, har layi ake yi. Amma gaskiyar magana ribar tana hannun direba ne. Direban da ake biya da yawan kadada zai yi ta gudu, ya ɗora ƙafa a kan kuloci yini guda har ya ƙone shi, ya shiga gona mai kututture ya fasa taya, ya manta giris har boris ɗin haro ya ci kansa, wani ma ya yi aikin dare a wata gonar kuɗin ya shiga aljihunsa. Ki samu ɗan'uwa ko ɗa mai amana da zai riƙa rubuta awannin da ke kan mita safe da yamma, a gwada da man da aka sha da kadadar da aka ce an yi. Akwai kuma na'urar bin sawu da ake maƙalawa tana nuna miki a waya inda motar take da lokacin da aka tayar da ita, kuɗinta ba komai bane a kan abin da zata tsare miki. Sabis na farko a awa 50, bayan nan baƙin mai da filta wajen kowace awa 250 ko yadda littafin motar ya ce, kuma ki ware kuɗin wannan tun daga aikin farko kar ki jira sai ta tsaya. Ki kuma yi tunanin aikin rani, jan tirela, kai taki, aikin fadama, don in wata biyu kawai zata yi aiki a shekara kuɗinki zai daɗe bai dawo ba. Abu ɗaya da zan roƙe ki, ki hana a ɗauki yara a kan madigadi, ana asarar rayuka ta nan.

Wani matashi daga Kafin Hausa yana tambaya ko dole sai mai jan gaba da baya, wato fowil.

In gonarka tudu ce mai jigawa, gero da gyaɗa da riɗi, mai jan baya kawai ta ishe ka kuma ta fi arhar gyara. In fadamar Haɗeja zaka shiga da laka, fowil ta fi, sai dai ka riƙa duba man akson gaba don ruwa da taɓo suna cin sil su shiga, in ka ga man ya koma fari-fari ruwa ya shiga a canza. Ka cire fowil in ka hau kwalta. In kuma ta kafe za a ja ta ko zata ja wata, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa, kar a ɗaura a sama wajen hannun tsakiya, tarakta tana iya ɗaga gaba ta kifo ta baya a kan direba cikin ƙiftawar ido.

Na ƙarshe, mutum biyu sun tambayi abin da zasu duba in zasu sayi ta hannu. Kar ku yarda da sabon fenti, kar ku yarda da mita don ana juya ta ko a canza. Ku je da sassafe ba tare da kun faɗi lokaci ba, ku taɓa injin ku tabbatar da sanyi yake sannan a tayar a gabanku, mai lafiya bata wahalar tashi. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana shan baƙin mai, farin da baya ɗaukewa bayan ta yi ɗumi kuma ko ruwa ne yake shiga ko nozul. A buɗe murfin baƙin mai tana aiki a ga ko tana huro hayaƙi da ƙarfi, alamar ringi ya gaji kenan. A ɗaura haro a ɗaga sama a kashe inji, ku tsaya kuna hira minti goma kuna kallo, in ya sauko da kansa haidurolik ɗin na da aiki. A kunna PTO, wato ƙarfen bayan tarakta da ke juya kayan aiki, a kashe a ga yana tsayawa. Ku kalli fedar kuloci da birki, yadda ƙarfen ya siɗe zai gaya muku aikin da ta yi fiye da mita. Sannan a kai ta gona ta yi haro ko rabin awa ne, don wata matsalar bata fitowa sai mota ta yi zafi da kaya a bayanta, in mai ita ya ƙi yarda da wannan ku bar masa abarsa. Ku kuma nemi takardun saye da na kwastan ku gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rubuce, musamman in an ce muku daga wani rabon gwamnati ta fito.