Tambayi Likita: Faɗowa daga bene, ɗori da ƙunar siminti

Likita, barka da aiki. Ni birkila ne a Pantami. Wani yaronmu ya zamo daga kan katako a hawa na biyu, muka ɗauke shi cak mu huɗu, muka zaunar da shi a Keke Napep sai asibiti. Ma'aikacin jinya ya yi ta yi mana faɗa. Ina laifinmu?

Malam, Allah ya saka da alheri da kuka yi hanzari, amma faɗan yana kan hanya. Duk wanda ya faɗo daga tsayin mita 3 ko fiye, a ɗauka wuyansa ko bayansa ya karye har sai hoto ya nuna lafiya. Laka tana ratsa ƙashin baya ne kamar zare a cikin carbi. Ƙashi kan karye laka na nan daram, sai lanƙwasawar da aka yi masa wajen ɗauka ta tsinke ta. Lakar da ta tsinke kuwa ba ta sake haɗewa, shanyewar ƙafafu ce har ƙarshen rayuwa.

Idan hakan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya tallafe kan da tafuka biyu, kada ya bari ya motsa. Mutum uku su jera a gefe ɗaya: mai kafaɗa, mai ƙugu, mai ƙafafu. A mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, a tura ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako ƙarƙashinsa. A tokare kan da riguna nannaɗaɗɗu hagu da dama, a ɗaure goshi da ƙirji da ƙugu da zani ko rawani, a nemi a-kori-kura ya tafi a kwance. Kada a ba shi ruwa ko abinci, domin wataƙila tiyata ke jiransa. In amai ya taso, a karkata shi gefe tare da katakon.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya suma, ya farfaɗo, ya kakkaɓe riga ya ce lafiyarsa lau. Jini na iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai. A kwana biyun farko, in aka ga amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, ruɗewa, ko jini da ruwa na fita ta kunne ko hanci, a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko da tsakar dare ne.

Likita, maigidana lebura ne a Kumo. Bulo ya faɗo masa a hannu, aka kai shi wajen mai ɗori. Yau kwana biyu, yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, ciwo ya hana shi runtsawa. An ce mu yi haƙuri, ɗorin ne ke kamawa.

Hajiya, ki sa a kwance ɗaurin nan yanzu, kafin ki gama karanta amsar nan, ku tafi asibiti yau. Ɗori ba ya kamawa da yatsu masu sanyi. Karaya tana kumburi, kuma kumburin ya fi tsanani a kwana biyu zuwa ukun farko. Karan da aka jera aka ɗaure tamau ba ya buɗawa, sai naman ya matse jijiyoyin jini daga ciki. Tsokar da ta yi kamar awa 6 babu jini ta fara mutuwa. Daga nan hannu ya yi baƙi, ya fara wari, abin da ya rage shi ne a yanke don a ceci rai.

Ki miƙar masa da yatsa ɗaya a hankali. Idan ya yi ƙara, ko ya ce ba ya jin taɓawa, ko kika danna farcensa jan bai dawo ba cikin daƙiƙa biyu, lokaci na ƙurewa. A rataye hannun da ɗankwali daidai ƙirji, a cire zobe in akwai. Allah ya ba shi lafiya.

Mun wuni muna zuba kankare a Bolari. Da dare na cire takalmi na ga fatar ƙafata ta saɓule, alhali ban ji zafi ba da rana.

Haka siminti yake, ɗan'uwa. Jiƙaƙƙen siminti na da kaifi irin na sodar sabulu, yana cin fata a ɓoye, sai bayan awanni ciwon ya bayyana. Da ya shiga takalmi a cire, a kwarara ruwa mai tsabta na minti 20. Busasshen garinsa a fara kakkaɓewa kafin a sa ruwa. In a ido ne, a buɗe fatar idon a yi ta zuba ruwa da buta har rabin awa, sannan asibiti. Ban da man goge baki, ban da baƙin mai. Ƙafarka kuwa tunda ta saɓule, je a wanke a ɗaure, domin ƙunar siminti ta fi yadda ido ke gani zurfi. Nan gaba a sa dogon takalmin roba, a saki ƙafar wando a kansa.

Ni kafinta ne a Dukku. In injin yanka katako ya guntule yatsa, me za a yi?

A fara da jinin. A danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa, a ɗaga hannun sama. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. Kada a zuba ƙasa ko toka ko ruwan batir. Guntun kuma a nannaɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a jefa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. Ba kowane yatsa ke mayuwa ba, amma a tafi da shi cikin awa 6, likitan tiyata ya yanke hukunci.

Ƙusa ta huda min ƙafa, na buga wurin da katako jini ya fita. Ya wadatar?

Bai wadatar ba. A wanke da sabulu da ruwa, a je a yi allurar tetanus yau, musamman in ta ƙarshe ta wuce shekara 5. Cutar kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, tana farawa da sarƙewar haƙora.

Wa zai biya kuɗin magani in mutum ya ji rauni a bakin aiki?

Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, daga nan ake biyan diyya. Ka sanar da mai aikin cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya. Tun ranar farko ka adana katin asibiti da hoton ƙashi da rasit ɗin magani, ka kuma nemi likitan da ya duba ka ya rubuta cewa a wurin aiki raunin ya faru.