Kada ka bari a share tudun nan

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji wani tudu a wajen Keita cike da geza da sabara, kana tambaya ko ka sayar wa masu itacen girki su share shi tunda ba ya ba ka ko tiya ɗaya ta hatsi. Kada ka yarda. Tudun yana yi maka aiki, a gonar da ke gindinsa ne amfanin ke fitowa. Saiwar geza ce ke riƙe ƙasar da ke tsakanin duwatsu, ganyen da ya zube kuma yana tare ruwa har ya nutse a hankali, shi ya sa rijiyoyin fadama ke kaiwa bazara da ruwa. In aka share shi, ruwan farko zai gangaro da tsakuwa da yashi ya tsaga kori a tsakiyar gonarka, ya wuce ta maƙwabta. A 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita, da taimakon Italiya, wanda ya sa mata da maza suka yi shekaru suna tona ramuka suna jera duwatsu a tuddan Adar don maido da irin abin da gatari ke gamawa cikin mako.

In kuɗi ne ya matse ka, yi sassabin zamani. Kowane kututture ka bar masa rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka rage sauran ka sayar. Na ga tudun da aka yi wa haka, bayan damina har ciyawa mai kauri ake samu a ƙarƙashin itatuwansa. Amma ka fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji, domin gawo, ko a filinka yake, ba a sare shi sai da izini.