Re: Wai ƴar wasan badminton Lee So-hee ta taɓa cin lambar Olamfik?

A'a ɗan'uwa, bata taɓa ci ba. A Tokyo ne ta kusa, ita da Shin Seung-chan suka kai wasan neman tagulla, sai ƴan ƙasarsu Koriya ta Kudu, Kim So-yeong da Kong Hee-yong, suka doke su, wallahi abin da ciwo, mutanen da kuke atisaye tare kullum su zasu hanaki lamba. Amma fa kar ka raina ta, kofin All England, babbar gasar badminton ta Ingila, ta ɗauka a 2017 da Chang Ye-na, ta sake ɗauka a 2024 da Baek Ha-na, ga azurfa a gasar duniya ta 2021 a Sifen. Ni dai haɗinta da Baek yafi burgeni, tsaronsu sai abokan karawa sun gaji da dukan ƙwallo.