Fatawa: Duniyoyi takwas a littafin makaranta, sammai bakwai a Alƙur'ani

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni uwa ce a Aboabo, nan Kumasi. Ɗana yana JHS, wato ƙaramar sakandare, da yamma kuma yana zuwa makarantar allo. An koya musu cewa duniyoyi takwas ne ke kewaya rana, har da wannan tamu. Kakansa ya ji, ya ce ƙaryar boko ce, sammai bakwai Allah ya ce, kuma karatun taurari sihiri ne. Shin in hana shi wannan darasi?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yar'uwa, kada ki hana shi. Karatun halal ne. Baba, kakan yaron, ya riƙe aya da hadisi, Allah ya saka masa da kishin addini, sai dai ba a wurinsu ya ajiye su ba.

Duniyoyin nan ba su ne sammai bakwai ba. Allah ya ce a Suratus Saffat, aya ta 6, ya ƙawata sama ta kusa da adon taurari. Ke nan duk abin da ido ya hango, ko na'ura, bai wuce ƙawar sama ta farko ba. Gaskiya ne wasu malaman da sun jera wata, Uɗaridu (Mercury), Zuhura (Venus), rana, Mirriku (Mars), Mushtari (Jupiter) da Zuhalu (Saturn), suka ba kowanne sama ɗaya. Lissafin masana falakin zamaninsu suka bi, babu nassi a kai. Da aka hango Uranus da madubin hangen nesa a 1781, aka gano Neptune a 1846, lissafin ne ya sauya, aya tana nan. Haka a 2006 masana suka taru a birnin Prague suka cire Pluto daga jerin, tara ta koma takwas. Wanda ya ɗaure imaninsa da wannan adadi, kullum sai ya yi ta kwance yana ɗaurewa. Saboda haka ni ba na goyon bayan masu wa'azin da ke cewa taurari goma sha ɗaya na mafarkin Annabi Yusuf duniyoyi ne. Ƙarshen surar ya nuna 'yan'uwansa ake nufi.

Abin da yaron ke karantawa kuwa, ki fita da shi tsakar gida ki gani. Tauraruwar nan mai tsananin haske da ke bin rana bayan magariba a wasu watanni, wadda kakanninmu ke kira Zara matar wata, ita ce dai Gamzakin da ke riga alfijir fitowa a wasu watannin. Zuhura ke nan. Girmanta ya yi kusa da na duniyarmu, amma zafinta ya haura digiri 450, ya fi na Uɗaridu da ya fi ta kusa da rana, domin iskarta mai kauri tana riƙe zafi ba ta saki. Uɗaridu kwana 88 yake gama kewayensa. Mirriku ja ne saboda tsatsar ƙarfe a ƙasarsa. Mushtari, babbansu, cikinsa zai ɗauke irin duniyarmu fiye da 1,000, kuma sai ya yi kusan shekara 12 kafin ya zagayo. Zuhalu mai zobba ne, na ƙanƙara da duwatsu. Neptune shekara 165 take buƙata, babu mutumin da zai ga zagaye guda nata daga farko zuwa ƙarshe. Kowanne da hanyarsa, babu mai shiga ta wani, kuma Suratu Yasin ta ce kowanne a cikin falaki yake iyo.

Sai batun sihiri. Hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito ya ce wanda ya ɗebi wani ilimi daga taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri. Malamai sun raba abin biyu. Akwai sanin tafiyarsu don lokaci, alƙibla, hanya da lissafin shekaru. Wannan Allah da kansa ya ambace shi a matsayin ni'ima a Suratu Yunus, aya ta 5, da Suratun Nahl, aya ta 16. Akwai kuma da'awar cewa tauraro yana ba da sa'a ko tsiya, yana faɗin wa za a aura da ranar da kasuwa za ta buɗe. Wannan ne haramun, ko a faifan yashin mai duba aka yi shi ko a waya. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Manyanmu sun tuna safiyar 29 ga Maris 2006, da rana ta rufe ruf a Accra. An sanar da ranar da sa'ar tun kafin ta zo, kuma wannan lissafi ne, ba sanin gaibu ba. Aka yi sallar husufi kamar yadda sunna ta koyar.

Don haka yaro ya ci gaba da darasinsa, ya rubuta takwas a jarrabawa ba tare da wani zunubi ba. Abin da za ki sa wa ido shi ne shafukan waya masu tambayar watan haihuwa su faɗa wa mutum rabonsa na mako. Baba kuma kada a ƙalubalance shi a gaban jika. Mahaifin yaron ya same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ya karanta masa ayar Saffat.

Allah ne mafi sani.