Kalmar "think": daga ina ta fito, kuma me ya sa ma'anarta ta rabu biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare. Duk inda ɗalibaina suka ga "I think", sai su fassara da "ina tunani", ko da maganar ba ta zauna ba. Ma'ana nawa kalmar take da ita, kuma mene ne asalinta? Sannan wata yarinya ta tambaye ni dalilin da ya sa ake cewa "thought" ba "thinked" ba, na rasa amsar da zan ba ta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa yarinyar nan basira. Abin da kike gani a aji yana da tushe mai nisa, domin kalmar da muke kallo guda ɗaya a yau, asalinta kalmomi biyu ne.

A tsohon Turanci, wanda ƙabilun Angul da Sakson suka shigo da shi Birtaniya daga arewacin Jamus da Denmak na yanzu tun ƙarni na 5, akwai "þencan" kuma akwai "þyncan". Wannan baƙin na farko, þ, shi ne aka maye gurbinsa da "th" daga baya, kuma har yau mutanen ƙasar Aisland suna rubutu da shi. Ma'anar "þencan" ita ce mutum ya sa hankalinsa aiki, ya auna, ya yi nazari. Ita kuwa "þyncan" nufinta abu ya bayyana wa mutum, ya ga kamar haka yake. A ta farko mutum ne mai aikin. A ta biyu abin ne yake zuwar masa. Da yake furucinsu ya yi kusa, sai suka riƙa cakuɗewa a bakin jama'a bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, har suka narke suka zama "think". Jamusanci bai haɗe su ba: yana da "denken" da "dünken", ko da yake ta biyun ta tsufa.

Nan ne nake so ki tsaya da ɗalibanki, don Hausa ta bambance abin da Turanci ya haɗe. Ki ɗauki yarinyar da ta tasa lissafi a gaba, ta yi tagumi, biro a baki, kika yi mata magana ta ce "I am thinking". Wannan tunani ne na gaske, aikin "þencan". Sai kuma ki ɗauki manomin da ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗawa, ya ce "I think it will rain". Shi ba zama ya yi ya yi nazari ba. Da Hausa cewa zai yi "ina ga za a yi ruwa", ko "ina jin za a yi ruwa", ko "da alama". A nan ma'anar ta karkata wajen tsohuwar "þyncan". Haka kuma "I thought you had gone" ita ce "na zaci ka tafi", ko "na ɗauka ka tafi". "Think of your mother" kuwa "ka tuna da mahaifiyarka" ne. Tunani, gani, ji, zato, tsammani, tunawa: duk kalma ɗaya ta Turanci ke ɗauke da su. Ni dai yana damuna in ji "ina tunanin zai zo" ta cika rediyo da Facebook, alhali muna da "ina tsammanin zai zo" wadda ta fi faɗin abin da ake nufi.

Akwai ma sauran ɓurɓushin "þyncan". Idan ɗalibanki suka ci karo da "methinks" a wasannin Shakespeare, za su ɗauka kuskuren nahawu ne, wai an sa "me" a gurbin "I". Ba kuskure ba ne. Ma'anarta "ya bayyana gare ni", wato daidai da "a ganina".

Sai batun "thought". Siffar aikin da ya wuce a tsohon Turanci ita ce "þōhte". Tun kafin Turanci ya rabu da 'yan uwansa, sautin "n" ya faɗi, "k" kuma ya koma wani sauti na maƙogwaro mai kama da خ ta Larabci, wadda kowane ɗan makarantar allo ya sani. Shi ne marubuta suka riƙa rubutawa da "gh". Daga baya Turawan Ingila suka daina furta shi, amma rubutun ya tsaya yadda yake. Bajamushe har yanzu yana furta nasa a "dachte". Ki nuna wa yarinyar "bring" da "brought", za ta ga hanya ɗaya suka bi.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne dangantakar "think" da "thank". Jijiya ɗaya suka fito. Tsohuwar kalmar "þanc" da farko tunani take nufi, sannan kyakkyawan tunani game da wani, sannan godiya. A Jamusanci ma "denken" da "danken" wasali ɗaya ne ya raba su. Wanda ya ce maka "thank you" a asali yana faɗa maka ne cewa alherinka na nan a ransa, bai manta ba.

Gobe idan kin shiga aji, ki rubuta jimloli biyar masu "think" a allo, ki hana kowa amfani da "tunani" fiye da sau ɗaya, ki ga kalmomin da yaran za su zaƙulo daga bakin iyayensu.